ADON BANGON AKWATIN MURJANI: DAGA INA DUTSEN YA FITO?

A wajajen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ruwan da jama'a suka saba da shi shi ne na gulbin Gagare da na Bunsuru, waɗanda kan cika su batse da damina, in rani ya yi su janye su bar yashi. Teku kuwa yana can nesa, fiye da kilomita 700 wajen kudu. Duk da haka akwai kayan teku iri biyu da suka daɗe a ɗakunan mutanen wannan ƙasa, su ne murjani da wuri. Jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya daga Bahar Rum fatake suka riƙa kawo shi ta hamada har Kano. Wuri kuwa, wanda shi ne kuɗin kakanni, asalinsa daga tsibiran Maldib ne, can cikin tekun Indiya, daga baya kuma aka ƙara da na Zanzibar. Lokacin da Bature mai yawon duniya Heinrich Barth ya sauka Kano cikin 1851, wuri 2,500 ake canza dalar azurfa guda.

Yau kuma ga wani sabon abu. Alhazai da 'yan kasuwa masu zuwa Jidda da Dubai sukan dawo da labarin wasu akwatunan gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye masu launi kamar an rina su, da duwatsu masu rassa suna kaɗawa a hankali. A Jidda akwai gidan kallon kifi na Fakieh wanda aka buɗe cikin 2013, a Dubai kuma akwai wani a cikin babbar kasuwar Dubai Mall mai cin ruwa lita miliyan 10. Ƙanana irinsu sun fara shigowa otal-otal da manyan gidaje na Ikko da Abuja. Waɗannan rassa da ake gani ciki su ma murjani ne, amma mai rai.

Wajibi ne a fara da wannan, domin mutane da yawa sun ɗauka murjani dutse ne kawai, ko kuwa wani irin tsiro. A'a, dabba ce. 'Yan ƙananan halittu ne masu taushi, kowace da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna zaune dubbai a jiki ɗaya, suna tsotso sinadarin kalsiyam daga ruwa suna gina wa kansu gida na farar ƙasa. In na ƙasa suka mutu sai na sama su ci gaba da gini a kan ƙasusuwansu, har abin ya zama tudu a ƙarƙashin teku. Masu gina tudu suna da wata gansakuka 'yar mitsitsiya da ke zaune cikin tsokarsu, tana samar musu da abinci daga hasken rana. Jan murjanin tsakiya ba ya cikin masu gina tudu, shi a wurare masu duhu-duhu yake tsira, amma dangi ɗaya suke.

TAMKAR JEREN AMARYA

Akwatin kifi fuska huɗu gare shi a tsaye. Ta gaba ake kallo, na gefe su taimaka, amma ta bayan ita ce ido ke sauka a kanta. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya san wannan. Da ɗaga labule, bangon da ke fuskantar ƙofa ake fara gani, shi ya sa can gwaggwanni da ƙawaye kan zuba ƙarfin jere, ko na ƙorai da faya-fayi ne irin na dā, ko na kwanoni da tangaran a cikin kabad. In wannan bango ya yi kyau ɗaki ya yi kyau. Haka abin yake ga akwatin murjani, har ma ya fi, domin a bayansa ne bututun ruwa da wayoyin lantarki da injin tura ruwa suke taruwa. In aka bar gilashin baya haka nan, sai mai kallo ya hango tarkace da bangon ɗaki ta cikin ruwa, kifin da aka kashe kuɗi aka saya ya ɓace a cikin hayaniya.

Hanya mafi sauƙi ita ce fenti, kuma ta waje ake shafa shi, ba ta cikin ruwa ba. A wanke gilashin, a shafa sau biyu ko uku tun akwatin bai sha ruwa ba, gama da zarar an cika shi ba ya matsuwa: akwati mai lita 200 ya wuce kilo 200 ban da duwatsu da yashi. Launi biyu aka fi amfani da su, baƙi da shuɗi, kuma masu wannan sha'awa sun daɗe suna gardama a kansu. Shuɗi yana ba da kamar ana hangen teku mai nisa, amma duk ɗigon dauɗa sai ya nuna. Baƙi yana ɓoye bututu da inji, yana kuma fito da launin kifi da na murjani fes. A nan dai baƙi ya fi rufin asiri. Akwai masu manna takarda mai hoton teku, irin wadda ake sayarwa a naɗe. Wannan ita ce mafi muni, don ruwan gishiri kan tsarto ya shiga tsakaninta da gilashi ya bushe ya bar farin tabo, ga shi kuma hoton murjani a bayan murjani na gaske ba ya ƙara masa kome sai ruɗani.

Waɗanda fenti bai ishe su ba sukan gina bango na dutse a cikin ruwan. Sai a samo ragar roba mai ƙarfi a yanka daidai faɗin gilashin, a ɗaɗɗaure mata gutattsarin duwatsu, a cike tsakaninsu da kumfar roba, irin wadda ake fesawa ta kumbura ta daskare, sa'an nan a shafe da gam mai ƙarfi a barbaɗa yashin farar ƙasa. In an gama sai ka ce gefen tsauni ne aka yanko. Amma fa aikin yana da tarko. Kumfar roba ba ta da nauyi, in ba a manne ta sosai ba sai wata rana bangon ya taso sama ya watsar da duk abin da aka dasa masa. In kuma aka bar rata a bayansa inda ruwa ba ya gudu, nan kashin kifi da ragowar abinci za su taru su ruɓe, ƙaramin kifi ma ya shige ya mutu ba mai iya ciro shi. Ƙarfe ba ya shiga ko kaɗan. Ƙusa guda za ta yi tsatsa, tagulla ko jan ƙarfe kuwa guba ce mai kashe murjani da jatan lande ko da kaɗan ce. Gam ɗin silikon ma sai an duba, domin wanda ake liƙe bayan-gida da shi sau da yawa an gauraya shi da maganin hana fumfuna, kuma maganin nan ba ya bambanta fumfuna da halittun ruwa.

DUTSE MAI RAI

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce ta dutsen kansa. Kiwon halittun teku a ɗaki ba sabon abu ba ne. Cikin 1846 wata Baturiya, Anna Thynne, ta ɗauko wasu ƙananan murjani daga bakin teku ta kai gidanta a London, ta rayar da su shekaru, ana juya musu ruwa daga kwano zuwa kwano a bakin taga don ya sha iska. Cikin 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na London. Amma murjani masu gina tudu sun ƙi zama a akwati fiye da shekara ɗari bayan haka. Sai cikin 1961 wani mutumin Jakarta ta Indunisiya, Lee Chin Eng, ya bayyana cewa shi ba ya tsarkake akwatinsa da magani, dutse kawai yake ɗaukowa daga teku da duk abin da ke jikinsa ya zuba. Masu kiwo na birnin Balin a Jamus suka ɗauki dabarar suka kyautata ta, har wajen 1980 wani daga cikinsu, Dietrich Stüber, ya ga murjani mai rassa ya tsiro daga jikin dutse ya ci gaba da girma a akwatinsa.

Shi wannan dutse ana ce da shi dutse mai rai. Tsohon ƙashin murjani ne mai ramuka kamar soso, kuma cikin ramukan akwai ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da dattin kifi su mai da shi marar illa. Watau ado ne kuma matata ce. Da duniya ta gane haka sai kasuwa ta buɗe. Aka shiga fasa tudun murjani da guduma da ƙarfe a Fiji da Tonga da Indunisiya, ana cika kwalaye ana ɗorawa a jirgin sama zuwa Amurka da Turai. Kifin da za a zuba kuwa, tun farkon shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka koyi fesa gubar sayanaid cikin ramukan dutse don kifi ya suma a kama shi da rai. Gubar takan kashe murjanin da ta taɓa, kifin ma da yawa ba ya daɗewa bayan an sayar.

To, abin da ake fasawa cikin yini guda ba cikin yini guda aka gina shi ba. Murjani mai dunƙule yakan ƙaru da abin da bai wuce santimita 2 ba a shekara, mai rassa kuwa ya kai 10 in ya sami wuri mai kyau. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in dukan ire-iren halittun teku a jikinsu suke samun abinci ko mafaka, kuma miliyoyin masunta talakawa da su suka dogara. Ga kuma ɗumamar ruwa. In zafi ya wuce kima, murjani yakan kori gansakukar nan da ke ciyar da shi, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. An ga haka a faɗin duniya cikin 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma cikin Afrilu 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta ba da sanarwar karo na huɗu. Masu akwati ba su ne suka jawo wannan ba, amma fasa dutse daga jikin tudun da ke jinya ƙarin ciwo ne.

Shi ya sa hukumomi suka tashi. Zuwa 1997 an hana ɗibar dutse mai rai daga ruwayen Florida. A ƙarshen 2017 gwamnatin Fiji ta ba da sanarwar hana fitar da shi, Indunisiya kuma ta tsai da fitar da murjani daga 2018 har farkon 2020. Akwai kuma yarjejeniyar CITES ta 1973 a kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, wadda Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, ta kuma kafa doka mai lamba 11 ta 1985 a kanta. A ƙarƙashin yarjejeniyar, murjani mai dutse ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izni, ko da busasshe ne. Matafiyin da ya tsinci reshe a bakin teku ya jefa a jaka don tsaraba ya kamata ya san da wannan.

Ba yau ne Bahaushe ya fara haɗuwa da dutsen murjani ba. Gaɓar Nijeriya ba ta da tuddansa, saboda laka da ruwan daɗi da Kwara ke kwararowa ba sa barinsa ya kafu. Amma alhazan dā da suka bi ta ƙasa, ta Maiduguri da Abeshe da El Obeid, a Suwakin suka riƙa shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya, kuma gidajen Suwakin da dutsen murjani aka gina su. Haka ma tsofaffin benayen tsakiyar Jidda, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Mashigin Suwakin ƙunci gare shi saboda murjani ya kewaye shi, manyan jirage ba sa iya shiga, shi ya sa Turawa suka kafa Port Sudan cikin 1905. Hausawan da suka zauna a waɗannan garuruwa, har jikokinsu na yau, sun kwana a inuwar irin dutsen da yanzu ake saye da tsada a awon kilo.

TEKUN DA YA ƘAFE A SAKKWATO

Abin farin ciki shi ne, an gano cewa ba dole ne dutsen ya fito daga teku ba. Rai ba a cikin dutsen yake ba, a cikin abin da ya zauna a ramukansa yake. Duk dutsen farar ƙasa mai ramuka, in aka sa shi a ruwan gishiri tare da ɗan guntun tsohon dutse daga akwatin wani, cikin 'yan watanni zai kama. Saboda haka yau yawancin dutsen da ake sayarwa ko dai an haƙo shi ne a tudu daga inda teku ya daɗe da janyewa, kamar yadda ake yi a Florida, ko kuwa an kwaɓa shi da hannu.

Kwaɓin ba shi da wuya ga wanda ya san aikin bulo. Ana haɗa siminti kashi ɗaya da yashin farar ƙasa ko dakakken ɓawon kawa kashi huɗu ko biyar, a zuba ruwa kaɗan yadda zai yi ɓarɓashi, kada ya yi laushi kamar na yaɓe. Wasu sukan gauraya da tsakuwar gishiri, wadda za ta narke daga baya ta bar ramuka. A zuba a cikin damshin yashi a siffanta shi yadda ake so, fale-fale don bango, da 'yan matakai inda za a dasa murjani. Sai dai sabon siminti yana da kaifi, yakan mai da ruwa kamar ruwan toka. Dole a jiƙa dutsen a ruwan daɗi ana sauyawa a kai a kai har sati shida ko fiye, ana aunawa, sai kaifin ya fita. Mai gaggawa a nan shi ke asarar kifinsa.

Wannan magana ta dawo da zance gida, domin ƙasar Sakkwato kanta tsohon teku ce. Masana ilmin ƙasa sun ƙiyasta cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce wani reshen teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take yau ya malale wajajen Wurno da Dange da Goronyo. Kaura Namoda da Zurmi suna kan tsohon dutse mai tauri ne a gabas da wannan kwari. A Goronyo masu bincike daga Italiya suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai jan ciki, suka raɗa mata suna Goronyosaurus cikin 1972. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda a kansa aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato cikin 1962 ya fara aiki 1967, cike yake da ɓawon katantanwa da sauran halittun wancan teku. Ashe simintin da maginin Shinkafi ke kwaɓawa, asalinsa ƙasan teku ne. Amma kada wani ya ɗebo dutsen jeji ya jefa a akwati ba gwaji. Ƙasar Dange, alal misali, tana da duwatsun fosfet, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, kuma abin da taki ke yi wa gona shi yake yi wa koriyar gansakuka a akwati: sai ta rufe bango da murjani baki ɗaya.

Bayan duk wannan wahala, adon da ya fi kowane kyau ba hannu ke yin sa ba. In ruwa ya daidaita, gishiri giram 35 a kowace lita, kalsiyam wajen miligiram 400 zuwa 450, sai wasu ɗige-ɗige masu ruwan hoda da shunayya su fara fitowa a gilashin baya, kamar an yayyafa fenti. Wata irin gansakuka ce mai ɓawon farar ƙasa, wadda a cikin teku ita ce simintin da ke ɗinke tudun murjani. Tana faɗaɗa a hankali, ɗigo ya haɗu da ɗigo, cikin shekara guda ko biyu ta lulluɓe bango da bututu da inji. Gwanaye sukan kankare ta da reza daga gaba da gefe, su bar mata baya. Wasu sukan manna wani murjani mai taushi, kore shar, wanda ke yaɗo kamar kabewa har ya zama dardumar ciyawa mai kaɗawa, sai dai in ba a datse shi ba yakan haye maƙwabtansa. Sauran murjanin da za a dasa ma ba sai an cire daga teku ba, don ana yankan reshe daga na wani mai kiwo a liƙa a ɗan dutse ya kama, kamar dashen rogo. Daga cikin halittun da ake sakawa don su kiwace gansakukar da ba a so, har da wuri mai rai, shi dai wannan da aka sayi goro da shi a kasuwannin dā.

Saura tambaya guda: shin wannan abu zai zaunu a Kaura Namoda? Gaskiya da wuya. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin wannan ƙasa kan haura 40. Sai da injin sanyaya ruwa, da fitila mai ƙarfi wajen awa goma kullum, da injin tura ruwa da ba ya tsayawa dare da rana. In wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i iskar da ke cikin ruwan takan ƙare, don haka sai mai farantan hasken rana da batura masu yawa. Gishirin ma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje, kilo 7 ga lita 200, kuma ana sauya wani kashi na ruwan kowane sati biyu. Ruwan rijiya ko na famfo sai an tace shi tas kafin a haɗa.

Mai sha'awar akwatin kifi a wannan yanki yana da abin da ya fi kusa da shi. Kifayen ruwan daɗi na Nijeriya suna da daraja a wurin masu kiwo na Turai da Amurka, ana kuwa fitar da su ta Ikko. Dangin kurungu, da minjirya mai wutar lantarki, da gaiwa mai kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo, duk ana ajiye su a akwatuna a can. Su ba sa bukatar gishiri ko fitila mai ƙarfi, sun kuma fi murjani jure zafi. Bangon bayan akwatinsu baƙin fenti ya ishe shi, da yashin Gagare da aka wanke, da 'yan duwatsun gulbi masu santsi, da busasshen saiwar itace da aka jiƙa har ta nutse.